Tayar injin maigida tana rawa, kowa kuma yana so in yi shiru

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 27, ina aikin kula da lambu a wani gidan biki da ke bayan garin Damagaram. Shekarata uku a wurin. Maigidana yana da injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa a zauna kamar ƙaramar tarakta. Na hannu ne ya sayo, ni kaɗai nake tuƙa shi. Ba a sa masa giya, da ƙafa ake takawa ya yi gaba ko baya.

Farkon damina ƙaya ta huda tayar baya ta hagu, na kira mai faci ya cire ta. Da zai mayar, wani ɗan ƙarfe ya faɗa cikin rairayi, muka nema muka rasa. Muka ta da injin, yana ƙara amma ya ƙi gusawa. Sai ya yanko ƙusa ya cusa, injin ya tafi. Bayan wata guda tayar ta fara rawa tana ƙwas-ƙwas. Ban gaya wa kowa ba. A lokacin kuma ɗan Alhaji, wanda ke riƙe da wurin idan baban ba ya nan, yakan sa ni in ɗaura amalanke a bayan injin in kwaso jarkokin ruwa, wani lokaci har da yashi.

Da rawar ta yi yawa sai na gaya wa mijin yayata. Mai walda ne, a gidansa na tashi, shi ma ya samo mini aikin. Ya zo da injinsa har lambun, ya bubbuga tayar da guduma, ya liƙe ta da sandarta, bai karɓi ko dala ba. Sati biyu waldar ta tsage. Yanzu tayar ba ta zauna ba, ba ta kuma fita, mai yana ɗiga ta bayanta, ta dama ma ta fara wasa.

Alhaji zai dawo daga tafiya nan da kwana goma, kuma akwai biki nan da sati uku. Ɗansa ya ce in ce tsufa ne kawai, kada in ambaci amalanke. Yayata tana kuka kada in ambaci mijinta, don Alhaji ne ke ba shi aikin ƙofofi da tagogi. Albashina jaka 50 ne. Ba na barci. Injin ya mutu ke nan? Me zan ce wa Alhaji?

Ɗanka, mai kula da lambu, Damagaram

Wa alaikumus salam ɗana. Bari in fara da tambayarka ta farko, don na lura ita ce ke hura wutar sauran. Bisa abin da ka bayyana, injin bai mutu ba. Yana tashi, yana tafiya, wuƙarsa tana yanka. Ɓarnar tana ƙarshen sanda ɗaya ne da cibiyar taya ɗaya, sai robar da ke tare mai. Duk abubuwa ne da ake gyarawa ko a sauya. Ka sha ruwa, ka kwanta ka yi barci yau. Amma daga yanzu kada ka sake hawansa ko na taku goma, domin kowane juyi da tayar nan za ta yi tana rawa, cin sandar take yi, kuma kowane ɗigon mai da ya fita ba mai mayar da shi.

Ya kamata ka san ainihin abin da ya faɗa cikin rairayin nan, saboda daga shi komai ya taso. A irin waɗannan injuna, tayar baya ba da jerin notuna ake ɗaure ta kamar ta mota ba. Zura ta ake yi a kan sanda mai santsi. A jikin sandar an yanka wata siririyar kwata a tsaye, a cikin ramin tayar ma an yanka irinta, sai a sa ɗan guntun ƙarfe mai kusurwa huɗu, rabinsa ya shige sanda, rabinsa ya shige taya. Bakanikanmu na nan kilabet suke ce masa, a Kano kuma ki. Shi kaɗai ne ke sa taya ta juya tare da sanda. Daga waje sai a jera ƴan zobba masu faɗi, rondal ko washa, a kulle su da wani ɗan ƙarfe mai siffar kofaton doki da ke shiga tsagi a bakin sandar, a rufe da hular roba. Shi ke nan. Wasu injunan an fafe gefe biyu na sandar an ɗaure da ƙusa mai zare a tsakiya, amma naka, tunda ya ƙi tafiya sai da aka cusa ƙusa, mai kilabet ne.

Da ka ga injin yana ƙara ya ƙi gusawa alhali tayar dama lafiyarta ƙalau, ba wani abu ya lalace ba. A cikin akwatin da ke tsakanin tayoyin akwai haƙoran da ke raba juyi tsakanin hagu da dama don a iya shan kwana, kuma ɗabi'arsu ita ce su tura juyin inda ya fi sauƙi. Sandar hagu ta samu sake, sai ta kwashe juyin duka tana ta wulwulawa a banza cikin tayar. A ranar, da an samo kilabet daidai, da magana ta ƙare kan kuɗin da bai kai na shayi da burodi na sati ba.

Ƙusa kuwa mulmulalliya ce, kwatar kuma mai kusurwa. Duk sa'ad da ka taka gaba sai ta mirgina ta daki gefe ɗaya, ka taka baya ta daki ɗayan. A hankali ta ci bakin kwatar, ta buɗa ramin tayar, ramin da yake zagayayye ya koma kamar ƙwai. Sai rairayin Damagaram ya shiga ya taya ta, ka san aikinsa a jikin ƙarfe. Wannan shi ne ƙwas-ƙwas ɗin da ka fara ji bayan wata guda kana ɗauke kai.

A nan zan tsaya in faɗa maka wadda ba za ta yi maka daɗi ba. Mutum huɗu ne suka sa hannu a wannan ɓarna, kuma kana cikinsu. Mai faci ya yi ganganci, amma a gabanka ya yi. Kai ne ka ji ƙarar ka yi shiru, kai ne kuma ka kira mai walda kan kayan da ba naka ba ba tare da izinin mai shi ba. Ban faɗi haka don in ƙara maka nauyi ba. Na san abin da ya rufe maka baki, tsoron kada a ce ɗan da aka yi wa alfarma ya ɓata kayan mutane. Tsoro ne irin na mai kunya, ba na macuci ba. Amma sai ka amshi rabonka a zuciyarka tukuna, sannan bakinka zai iya faɗar na sauran ba tare da ya zama tura laifi ba.

Kafin Alhaji ya sauka, ina so ka san girman ciwon da idonka. Ba tare da ka hau shi ba, ka kai injin wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, kan siminti idan akwai. Ka cire makulli, ka zare wayar buji don kada ya tashi bisa kuskure, ka tare tayoyin gaba da duwatsu. Ka ɗaga bayan da jak, sannan ka tokare gangar jikin da katako mai kauri. Kada ka dogara da jak kaɗai, kada ka tokare da bulon siminti don yana fashewa ba sallama, kuma kada ka sa jak a ƙarƙashin akwatin nan, jikinsa alminiyam ne.

Ka fara da ta dama, tunda walda ba ta taɓa ta ba. Ka cire hular roba, ka ja layi da alli daga bakin sandar zuwa jikin tayar. Ka juya tayar kaɗan gaba, kaɗan baya. Idan layin yana rabuwa biyu, taya tana tafiya sanda tana tsaye, to kilabet ko kwatarsa sun ci. Sannan ka riƙe ta da hannu biyu ka ja waje ka tura ciki. Ɗan motsi na milimita ɗaya ko biyu ba komai ba ne, haka aka yi su. Idan ya wuce haka, ka duba wa ke motsi. In taya ce ke zamewa a kan sanda, zobba ne suka ɓace ko suka siraɗe, gyaran minti goma. In kuwa sandar ce kanta ke fitowa daga cikin akwatin tana komawa, to abin da ke riƙe da ita daga ciki ya saki, sai an buɗe akwatin. Na ƙarshe, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, wani ya tsuguna ta baya da tocila yana kallon inda sandar ke fitowa. Taya na rawa sanda na tsaye, ramin taya ne ya buɗe. Sanda na rawa tare da ita, mazaunin sandar ne ya ci, wato bushi ko rulma, kuma wannan ya fi tsada. Kada ka manta da ƙusoshin da suka ɗaure akwatin kansa da gangar injin. Sau da yawa su ne ke kwancewa, musamman a injin da ya sha jan kaya, sai mutum ya ga tayoyi biyu suna wasa ya ɗauka duniya ta tashi, alhali sifana kawai ake bukata. Ina da kyakkyawan zaton cewa matsalar ta dama ba ta wuce wannan ko zobba ba.

Ta dama kuma ita ce malamarka. Ka cire ta a hankali a kan buhu shimfiɗaɗɗe, ka jera duk abin da ya fito bi da bi, ka ɗauki hoto da waya. Abin da ka gani a nan shi ne abin da ya kamata a samu a hagu. Kilabet ɗinta shi ne samfurin da za ka kai kasuwa.

Ga wani tarko da ke kama mutane a ƙasarmu. Yawancin waɗannan injuna, irin su John Deere da Husqvarna, da awon inci na Amurka aka yi sandunansu, mu kuma kayan da ke shagunanmu na milimita ne. Sandar da ta fi yawa a ƙananan injuna kashi uku cikin huɗu na inci ce, wato milimita 19 da ɗan ɗoriya, kilabet ɗinta kuma milimita 4.76. Mai shago zai miƙo maka na milimita 5 ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, ba zai shiga ba sai an goge shi da zarto a hankali har ya shige da turin ɗan yatsa ko ɗan bugu mara ƙarfi, ba tare da wasa ba. Na milimita 4 kuwa zai shige salin-alin, ya mayar da kai inda ƙusa ta kai ka. Zobe ma na milimita 20 zai shiga, amma gara a samu wanda ya zauna daidai. Kada kuma a yanko kilabet daga ƙarfe mai tsananin tauri da sunan inganci. An yi shi ne don idan abu ya tsananta shi ya karye a madadin sanda.

Sai ta hagu, wadda aka yi garin gyaran gira aka kusa taɓa ido. Dole waldar ta tashi, kuma gurje ta za a yi da injin gurza ƙarfe, kaɗan-kaɗan, ana tsayawa tana hucewa. Ƙa'idar ita ce a ci jikin taya, a bar sanda. Taya ana samunta, ko a gyara ta, sanda kuwa sai an farke akwati kafin a sauya ta. Kada a sa wuta don a narkar da waldar, kada a sake ɗaga guduma. Bugun bakin sanda yana iya karya abin da ke riƙe da ita daga ciki, yana kuma baje bakin ya hana tayar fita. Kafin tartsatsi ya fara tashi a tsiyaye man fetur, domin a da yawa daga injunan nan tankin yana baya, kusa da mazauni, a kuma cire batir. Ka yi wa Allah godiya da kai da mijin yayarka: walda a jikin ƙarfen taya alhali robar tana kai tana iya fasa tayar, ta kashe mutane a wurare da yawa. Wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka, ba injin ba.

Idan tayar ta fita, a wanke sandar da kananzir a duba ta da rana. Kwatar da ta ɗan buɗe a baki amma gindinta na nan, sabon kilabet mai cikakken tsawo yakan riƙe ta. Wadda ta ci sosai, sai mai injin sassaƙa ƙarfe ya gani, shi zai ce a yanka sabuwa a ɗaya gefen sandar ko a sauya sandar. Ramin tayar da ya zama ƙwai kuma, shi ne zai faɗaɗa shi ya dasa sabuwar cibiya daidai awo, ya yanka mata kwata. Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a garin nan, masu injin niƙa da masu famfon ban-ruwa kullum shi suke kaiwa, don bakin ƙarfensu ma da kilabet yake aiki. Tsagin bakin sanda, inda ɗan kofaton dokin ke shiga, mai yiwuwa walda ta cike shi. Ana iya sake yanka shi, ko a huda bakin sandar daga wajen taya a sa zobe da fil mai raba ƙafa. Wajen mayarwa a shafa giris kaɗan a jikin sandar, don tsatsa kada ta kama ta nan gaba.

Maganar mai ita ce ba na so a yi wasa da ita. Injin da ake takawa da ƙafa ya yi gaba ko baya, da ƙarfin mai yake tafiya. Akwatin nan famfo ne da mai a ciki, idan man ya ragu sai ya fara rasa ƙarfi in ya yi zafi, daga nan ya ci kansa, kuma shi ne abu mafi tsada a injin bayan ainihin injin da ke shan fetur. Robar da ke tare man tana daidai inda sanda ke fitowa, kuma a yawancinsu daga waje ake ɓamɓaro ta a dasa sabuwa, ba sai an buɗe akwatin ba. A jikin akwatin akwai ƴar takarda mai suna da lamba. Sau da yawa za ka ga an rubuta Tuff Torq ko Hydro-Gear, kamfanonin da ke ƙera wa masu injunan wannan sashe. Ka goge ƙurar ka ɗauki hoton lambar. Da ita za a nemo robar, da ita kuma za a san irin man da yake sha da yawansa. Kada kowa ya zuba masa man giyar mota mai kauri don ya ga akwati ne. Bayan an ƙara mai, a bar tayoyin a sama, a ta da injin, a taka gaba a taka baya a hankali sau da yawa har iskar da ta shiga ta fita.

Wa ya kashe robar? Gaskiya ba za a iya rantsuwa ba. Zafin walda yana iya ƙona ta, guduma tana iya gurɗa ta, amma rawar wata da watanni ma tana iya cinye ta, haka igiyar leda ko waya da ta naɗe a sandar. Ka riƙe wannan, don zai yi maka amfani idan aka zo rabon laifi. Ba adalci ba ne a ɗora wa mijin yayarka duka.

Abin da ba a samu a nan ba, Kano tana kusa, tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka, kuma motoci ba sa yankewa. A Ƙofar Ruwa da Sabon Gari ake neman irin waɗannan. Yamai ta yi nisa, kusan kilomita 900, sai in Alhaji yana da mai aiko masa daga Katako. Ko ina za a aika, a aika da tsohon abin kansa a ƙulle a leda, ba kwatance ta waya ba. Mu ce rondal su ce washa, mu ce rulma su ce boris, a tsakani sai a kawo maka abin babur. Amma ka fara zagaya masu kayan ƙarfe na Kasuwar Dole da garejojin gari tukuna, kilabet da zobba ba sai an tsallaka iyaka ba.

Yanzu mutane. Ka fara da mijin yayarka, kuma kai da shi, ba ta bakin yayarka ba. Mutumin nan ya rene ka, ya ɗauko injinsa ya zo kyauta don ya rufa maka asiri. Niyyarsa ba ta da aibi, sana'arsa ce ta rinjaye shi, mai walda duk abin da ya ga yana motsi liƙe shi yake so ya yi. Ka same shi bayan isha'i, ka zauna ƙasa, ka ce: Yaya, ni na jawo ka cikin wannan, kuma Alhaji yana ganin tayar zai ga walda, ba abin da zai ɓoye ta. Ka tambaye shi yadda yake so a yi. Ina kyautata zaton da kansa zai ce ku je tare. Idan ya je ya ce Alhaji, na so in taimaki yaro ne na yi kuskure, ni zan gurje waldar da hannuna, ya fi masa daraja nesa ba kusa ba a kan Alhaji ya tambayi masu gadi wa ya shigo da injin walda lambunsa. Damagaram ba ta da girman da za a ɓoye wannan. Kuma ai shi ya fi kowa sanin inda ya ɗiga waldar, shi ya fi dacewa ya cire ta, muddin bakanike na tsaye a kansa.

Yayarka kuwa kukanta na tsoron tukunya ne, kada ka ga laifinta. Kada ka yi mata alkawarin da ba za ka iya cikawa ba. Ka ce mata ba za ka kai ƙarar mijinta ba, ba za ka fara da sunansa ba, amma idan aka tambaye ka ba za ka yi ƙarya ba. Ka nuna mata cewa abin da zai raba mijinta da aikin ƙofofin Alhaji shi ne a gano an haɗa baki an rufe shi, don mai kuɗi yakan yafe asarar ƙarfe, amma ba ya mance wanda ya mayar da shi wawa.

Ɗan Alhaji shi ne mai wuyar sha'ani, domin bayan an gama wannan, da shi za ka ci gaba da zama. Amalanken nan yana da hannu a ciki. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, guda goma kilo 250 ke nan, ban da nauyin amalanken da naka, a cikin rairayi, a bayan injin da aka yi don ya ɗauki mutum ɗaya a kan ciyawa. Yashi kuwa ba a magana. Ni kaina nakan yi mamakin masu shimfiɗa ciyawar Turawa a garin da mata ke bin ƴan ga-ruwa da rani, amma wannan zancen wata rana ne. Kada ka yi masa barazana, kada kuma ka amsa masa cewa za ka ce tsufa ne. Ka ce masa cikin ladabi: ni zan faɗi nawa laifin, kuma bakanike zai ce a daina jan kaya da injin, gara Alhaji ya ji maganar amalanke daga bakinka. Ka ba shi kwana biyu ko uku. Idan ya faɗa, ya huta ka huta. Idan bai faɗa ba, kai ba sai ka kira sunansa da zargi ba. Ka ce muna jan ruwa da shi, an ce mana yana ɓata shi. Alhaji ya san wa ke ba da umarni a wurin idan ba ya nan.

Shi Alhajin, kada ka jira ya sauka ya gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma kwana goman nan da kake ƙirgawa da fargaba su ne kwanakin da za a iya yin gyaran a cikinsu. Da zarar ka duba injin ka kuma yi magana da mutanen nan biyu, ka kira shi, ko ka tura masa saƙon murya da hotuna. Ka gaishe shi, ka ce akwai abin da ya faru da injin da ya kamata ka gaya masa tun tuni ba ka gaya ba, ka nemi afuwa. Ka faɗi abin da ya faru a jere, gajere, ba kuka ba rantse-rantse. Sannan ka faɗi abin da ka gano, abin da ake bukata, da wanda zai iya yi, ka nemi izini. Kada a taɓa waldar nan sai ya ce a taɓa. Kuskuren farko yin gyara ne ba izini, kada a maimaita shi da sunan gyara kuskure.

Zai yi faɗa, ka shirya. Ka bar shi ya gama. Idan ya kawo maganar biya, kada tsoro ya sa ka ce a cire duka daga albashinka. Malamanmu sun bambanta tsakanin abin da ya lalace a hannun ma'aikaci ba da sakacinsa ba, da wanda sakaci ya lalata, kuma a nan akwai tsufan injin, akwai amalanke, akwai naka shirun. Abin da ya dace shi ne ka ɗauki wani kaso da za ka iya, kamar kuɗin gyaran cibiyar tayar, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan yadda ba zai hana ka cin abinci ba, mijin yayarka ya ba da aikin hannunsa, mai da roba su zama na mai injin. Idan kuka kasa daidaitawa, ku sa dattijon da ku duka kuke jin nauyinsa, limamin unguwa ko wani aminin Alhaji. Idan kuma abin ya kai ga sallama, ban sa rai ba, amma ka sani ka fita da sunanka, kuma mutumin da ya iya kula da lambu shekara uku a garin nan ba zai daɗe a zaune ba.

Bikin kuma kada ya sa a yi gyaran gaggawa. Idan kayan ba su iso ba, a ari ko a yi hayar injin yanka na ratayawa a kafaɗa, ko a kira mutum uku da lauje. Masu kiwon raguna ma za su yi murna su yanke su kwashe, ciyawa kuɗi ce a Damagaram, sai dai ka tsaya a kansu don kada su yi mata aski mai tudu da kwari. Ka gaya wa Alhaji wannan a kiran farko, don abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne bikin mutane, ba tayar ba.

Bayan an gyara, ka yi aiki na awa ɗaya ka tsaya ka girgiza tayoyin, ka duba ƙasa ko akwai ɗigo. Ka maimaita haka kowane sati. Iskar tayoyin baya kada ta wuce abin da aka rubuta a jikinsu, ƴar kaɗan suke sha, masu faci kuma sun saba da tayar mota, sai su bunƙara ta ta zama dutse, duk wani gargada ya tafi kai tsaye cikin sanda. Ka riƙa share ciyawa da ƙura daga kan akwatin da ƴar fankarsa, da iska yake hucewa. Ranar da za a yanka kilabet ɗin, ka ce a yanka uku. Ɗaya a sa, biyu ka ƙulle a leda ka ɗaure ƙarƙashin mazauni. Ƙaya ba ta ƙare a lambu ba, mai faci zai sake zuwa, kuma kafin ya taɓa tayar ka shimfiɗa masa buhu.